Asalin Kalma: 'Yan A-Bi-Yarima

"A bi Yarima a sha kiɗa" magana ce da ta samo asali daga fada. Yarima sarautar ɗan sarki ce, kuma daga Barno Hausawa suka aro kalmar, kamar Galadima da Ciroma. Idan Yarima ya hau doki makaɗa na biye, duk wanda ya shiga ayarin zai sha ganga da algaita kyauta, alhali ba dominsa ake kaɗawa ba. Daga nan aka sami 'yan a-bi-Yarima, wato masu raɓar mai mulki ko attajiri don abin da za su lasa. Maganar ta fi "son kai" zafi saboda ba'ar da ke cikinta. Yanzu a siyasa aka fi jin ta, musamman kan masu sauya sheƙa bayan zaɓe.