Habibun Najjari: Kafintan da Ya Sheƙo Daga Ƙarshen Gari

 

Ya 'yan'uwa, babu gidanmu da ba a karanta Yasin a cikinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi ko wane ne mutumin nan da aya ta 20 ta ce ya zo da gaggawa daga can ƙarshen birni. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Malaman tafsiri, irin su Imamu Ɗabari (ya rasu 310 Hijira) da Bagawi da Ƙurɗubi, su suka kawo mana cewa sunansa Habibu. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa kafinta ne. Wasu kuma sun ce igiya yake tufkawa. Na farkon ne ya shahara, har ya zame masa laƙabi. Wannan kuwa ba ƙaramar sana'a ba ce, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya ma kafinta ne.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne ruwayar Wahabu ɗan Munabbihi. Habibu mutum ne mai jinya, kuturta ta ci jikinsa, gidansa kuma yana bakin ƙofar gari mafi nisa. Duk da haka bai zauna yana bara ba. Yakan wuni yana aiki, in maraice ya yi ya tattara abin da ya samu ya raba biyu: rabi ya ciyar da iyalinsa, rabi ya bayar sadaka. Ku duba, bai kwashe duka ya rabar ya bar yara da yunwa don a ce masa waliyyi ba, bai kuma fake da nauyin gida ya hana mabuƙaci ba.

Da Allah Ya aiko manzanni uku, mutanen gari suka ƙaryata su, suka yi barazanar jefe su, sai labari ya kai masa. Ƙatada ya ce da ya iso abin da ya tambayi manzannin shi ne ko suna neman lada a kan kiransu. Suka ce a'a. A ganina tambayar mai sana'a ce wannan. Wanda ya saba ciniki kafin ya ɗaga guduma ya san ba a yin wahala a banza. Da ya ga mutane sun sayar da rayukansu ba su nemi ko anini ba, ya gane ba 'yan kasuwa ba ne. Nan take ya juya ga mutanensa ya ce su bi su, ya kuma bayyana imaninsa a bainar jama'a.

Suka far masa. Ibnu Mas'udu ya ce tattake shi suka yi. Ƙatada ya ce jifa ne, yana ta roƙa musu shiriya har rai ya yi halinsa. Da aka ce masa ya shiga Aljanna, burinsa shi ne ina ma waɗanda suka kashe shi su san gafarar da ya samu. Shi ya sa lokacin da Saƙifawa suka harbe Urwatu ɗan Mas'udu a Ɗa'ifa yana kiransu zuwa Musulunci, masu sira suka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya kwatanta shi da wannan bawan Allah.

Mafi yawan malamai sun tafi a kan garin shi ne Anɗakiya, wadda take kudancin Turkiyya a yau. Ibnu Kasir (ya rasu 774 Hijira) bai gamsu ba, hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: Anɗakiya tana cikin biranen farko da suka karɓi kiran Annabi Isa, ba a kuma san an halaka ta da tsawa ba. Allah ne Mafi sani. Mutanen garin dai ba su saki Habibu ba. Dutsen da ya yi wa birnin rumfa sunansa yake amsawa, haka ma tsohon masallacinsu, wanda ake jingina asalinsa ga zamanin da Abu Ubaida ya buɗe garin, kuma a ƙarƙashinsa akwai kabarin da masu ziyara suke sauka su yi masa sallama. Girgizar ƙasar ranar 6 ga Fabrairu, 2023 ta rushe ƙubbar masallacin da hasumiyarsa, aka tattara duwatsun ɗaya bayan ɗaya don a mayar da su mazauninsu.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba mu albarkacinsa, amin.