Daga Katangar Maƙwabci Zuwa Takardar Hukuma: Tarihin Izinin Gini a Bayan Gida a Sakkwato

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, babu magidancin da ya san wani abu wai babban gida da ƙaramin gini na bayansa. Gidan Bahaushe tarin gine-gine ne a cikin katanga guda: zaure, shigifa, turaka, ɗakunan mata, madafa, rumbuna da turken dabbobi. Idan ɗa ya isa aure sai a yanka masa wuri a tsakar gida, idan damina ta yi albarka a ƙara rumbu. Gida yana girma ne yadda iyali ke girma.

Duk da haka akwai doka, domin alƙalan Daular Usmaniyya suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, wanda ya ɗora al'amarin gini a kan hana cutarwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi kan hanyoyin mallakar matacciyar ƙasa. Abin lura a wannan fiƙihu shi ne, girman gini shi kaɗai ba laifi ba ne. A mashhurin zancen mazhaba, mutum yana iya ɗaga soro ko da zai tare wa maƙwabci rana da iska. Amma idan ya buɗe taga mai leƙa tsakar gidan wani, inda matansa ke daka da wanki, alƙali zai sa a toshe ta. Haka hukuncin yake kan hayaƙin da ya addabi mutane, da warin jima, da turken da ke cin gindin katangar wani, da ginin da ya ci hanya. Mai ƙara shi ne wanda aka cutar, kuma sau da yawa mai unguwa kan kashe maganar tun ba ta kai gaban alƙali ba.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun kafa unguwarsu nesa da ganuwa, bisa tsarin Lugga na barin fili yadi 440 tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, wai don gudun cizon sauro. A can aka fara ganin sabon fasali: gida ɗaya a tsakiyar fuloti, sai 'yan ɗakunan kuku da boyi a can ƙurya, waɗanda aka sani da baskwata. Ƙanƙantar waɗannan ɗakuna da gangan ce, tana nuna matsayin masu kwana cikinsu. Dokar garuruwa ta 1917 da ta tsara birane ta 1946 suka mayar da awo da taswira ma'aunin gini, ko da yake cikin tsohon birni ya daɗe yana bin hannun Hukumar En'e da masu unguwanni.

Da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, gari ya fantsama zuwa Mabera, Arkilla da Runjin Sambo, fuloti ya maye gurbin gidan gado. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin aza tubali. Yau Hukumar Tsara Birane ta jihar ce ke duba taswira, ta auna tazarar gini da katanga da rabon filin da ya cinye.

A ganina nan tsarin biyu suka saɓa. Magidancin da ya sami fuloti bai bar tunanin kakanninsa ba: yana son sashen ɗansa ango, da ɗakin mahaifiya, da shago a bakin titi, har baskwatar ta kusa fin gidan girma. Jami'i yana tambayar mita nawa ginin ya ci. Maƙwabci kuwa, kamar a zamanin Bello, tagar benen yake kallo, da indararon da ke zubo masa ruwa a watan Agusta, kuma hatimin da ke kan taswira bai tambaye shi komai ba.