Queen Da Masoyanta: Yadda 'Yan Kallo Suka Koma 'Yan Amshi

Duk wanda ya kalli fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018 zai tuna yadda ya ƙare da wani gagarumin casu a filin Wembley da ke Landan. To, mai karatu, wannan casu an yi shi da gaske, kuma tarihinsa ya faro ne daga wajen 'yan kallo.

An kafa ƙungiyar kiɗan rock ta Queen a Landan a 1970. Zabiyinta Freddie Mercury haifaffen Zanzibar ne, sai Brian May mai jita, Roger Taylor mai ganga, da John Deacon wanda ya shigo a 1971. Da farko so suke jama'a su nutsu su saurara kawai. Sai a 1977, a wani wasa da suka yi a zauren Bingley da ke Stafford, bayan sun sauka, masoya suka ƙi tafiya, suka ɓarke da rera waƙar nan ta magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Liverpool. Abin ya tsaya wa Brian May a rai. Shi ne ya zauna ya tsara We Will Rock You, waƙar da kiɗanta duka-duka buga ƙafa ne sau biyu da tafi ɗaya, yadda kowa zai iya, ko bai taɓa riƙe jita ba.

Tun daga nan 'yan kallo suka zama 'yan amshi. A 1981 Queen ta je Ajantina da Burazil, inda dubban mutanen da Turanci ba harshensu ba ne suka riƙa karɓe waƙar Love of My Life daga bakin Freddie, shi kuwa ya tsaya yana ba su hannu kamar mai ba da umarni.

Amma fa soyayyar ta gamu da cikas. A 1984 ƙungiyar ta yi wasa a Sun City, a lokacin da duniya ta ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Suka sha suka, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, a Amurka kuma kasuwarsu ta ja baya.

Ana cikin haka sai ga Live Aid, ranar 13 ga Yuli, 1985, taron da Bob Geldof da Midge Ure suka shirya don tara kuɗin agaji ga masu fama da yunwa a Habasha. Mutum kusan 72,000 ne a Wembley, kuma ba don Queen kaɗai suka zo ba. Cikin minti 21 suka yi waƙoƙi shida. Da aka zo kan Radio Ga Ga, sai filin gaba ɗaya ya ɗaga hannu yana tafi tare, kamar yadda suka gani a bidiyon waƙar. Freddie ya riƙa jefa musu murya suna cafewa. A 2005, wata ƙuri'a da aka kaɗa a Birtaniya ta zaɓi wannan wasa a matsayin wanda ya fi kowanne a tarihin rock.

Wasansu na ƙarshe da Freddie shi ne na Knebworth, ranar 9 ga Agusta, 1986. Ya rasu a 24 ga Nuwamba, 1991.

Sai dai a kula, fim ɗin ya ɗan murɗa tarihi. Ya nuna Freddie ya san yana ɗauke da ƙanjamau kafin Live Aid, alhali sai a 1987 aka tabbatar masa. Duk da haka Rami Malek, wanda iyayensa 'yan Masar ne, ya ci kyautar Oscar a 2019 da wannan rawa, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 900. Har an riƙa nuna shi a wasu silimu da kalmomin waƙoƙin a rubuce a allo, domin 'yan kallo su yi amshi.