Akawun Da Ya Ci Tseren Tafiya A Birnin Rum

Cikin wasannin Olimfik akwai tseren tafiya, wanda ba a yarda da gudu a cikinsa ba. Ƙa'idarsa ita ce kada mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya sai ɗayar ta taɓa ƙasa. Wanda ya saɓa, alƙalai su fitar da shi. A da mafi tsawonsa kilomita 50 ne, wajen mil 31 ke nan.

Don Thompson mutumin Ingila ne, ɗan gajere, akawu a wani kamfanin inshora. A 1956 ya shiga wannan tsere a Melbourne ta ƙasar Ostareliya. Saura kamar mil 3 ya kai, zafi da ƙishirwa suka kayar da shi.

Da ya ji wasannin 1960 a Rum za a yi, inda rana ke da zafi, sai ya nemi dabara, gama ƙasarsu sanyi gare ta. Ya kan shiga ɗakin wanka ya toshe ƙofa, ya kunna murhun kananzir, ya ajiye butar tafasasshen ruwa, ya yi ta motsa jiki har jiri ya ɗebe shi. Shi a zatonsa zafin ne. Sai bayan shekaru ya gane ashe hayaƙin kananzir ne, irin wanda ke kashe mutum.

Ran tseren ya gama cikin sa'a 4 da minti 25 da sakan 30. Da sakan 17 kaɗai ya riga John Ljunggren na Suwidin, wanda ya ci tseren a 1948. Saboda ƙanƙantarsa Italiyawa suka laƙaba masa suna Ɗan Ɓera. Ya rasu a 2006.