Ba Laifin Ɗauke Wuta Ba Ne: Makullin Ma'ajiyar Zama a Sabar Apache

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa sabar Apache ta ƙi tashi tana kukan rashin wuri alhali faifanta na da fili. Ta kare ra'ayin cewa matsalar tana ga irin makullin da aka zaɓa da yadda ake kashe sabar, kuma wutar lantarki ba ta da hannu a ciki.

Gabatarwa

Ɗalibi a Jahun ko Haɗejiya da ke cike fom a waya, yana neman gurbi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ya san zafin sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Duk sanda wayarsa ta sake haɗuwa da shafi mai tsaro, sai sun yi musafaha. A tsarin TLS 1.2 na 2008, cikakkiyar musafaha kai-komo biyu ce, amma idan sabar ta tuna baƙon, ɗaya ya wadatar. Wannan tunin yana zaune ne a ma'ajiyar da umarnin SSLSessionCache ke kafawa, kuma bisa asali daƙiƙa 300 yake yi.

Ma'aikatan Apache da yawa ne ke rubutu a wannan ma'ajiya guda, kamar yaran shago da littafin bashi ɗaya. Makullin shi ne biron: wanda bai riƙe shi ba sai ya jira. A Apache 2.2 umarnin SSLMutex ke kula da shi. A 2.4, da ya fito a Fabrairun 2012, Mutex ya gaje shi.

Abin da ake jayayya a kai

A yankin da KEDCO ke ba wuta, duk na'urar da ta yi gardama sai a ce NEPA ce. Uzurin yana da daɗin faɗa, amma a nan bai zauna ba. Binciken ya bi bayanan Apache 2.2 da 2.4, ya gwama su da na Linux kan makullan System V.

Sakamako

Makullin System V, wato sysvsem, a ƙwaƙwalwar kanel (zuciyar Linux) yake zaune, ba a faifai ba. Wuta na ɗaukewa ƙwaƙwalwar ke shafewa, makullan su tafi da ita. Wato ɗauke wuta ma share su yake yi.

Abin da ke tara su shi ne mutuwar uwar ma'aikatan Apache ba tare da ta kintsa ba, na'ura kuwa tana kunne: mai kula ya fusata ya buga kill -9, ko ƙwaƙwalwa ta cika kanel ya kashe ta da kansa. Kowane karo sai a bar makulli maraya, wani lokaci fiye da ɗaya, tunda wasu sassan Apache ma suna da nasu. Tsohon Linux kuwa rukunin makullai 128 kacal yake bari. Sai a kanel 3.19 na 2015 aka ɗaga adadin zuwa 32,000. CentOS 6 da 7 duka suna ƙasa da wannan kanel, kuma irinsu ne ake gadar wa ƙananan ofisoshi.

Ranar da gurbin ya cika, saƙon da ke fitowa shi ne "No space left on device". Nan ne abin takaicin. Mai kula zai kwana yana goge fayiloli, har da masu amfani, faifan ma bai kai rabi ba. Da ya buga ipcs -s da ya ga marayun a jere, ipcrm kuma ya kwashe su. Idan ya sake kunna na'urar komai ya daidaita, sai ya ƙara sakankancewa cewa wuta ce, alhali kunnawar ce ta yi shara.

Don haka binciken ya fi karkata ga makullin fayil, wato fcntl, a kan ssl-cache, makullin ma'ajiyar zama. Ma'aikaci na mutuwa kanel ke sakinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, fayil ɗin ya zauna a faifan na'urar, kada a ɗora shi kan NFS, wato faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa. Cire makullin gaba ɗaya, da 2.2 ya yarda a yi, ganganci ne, domin rubutu biyu na iya cakuɗewa a ma'ajiyar.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa maganar ta tsaya ga Apache a kan Linux da sabar guda. Tikitin zama, da wayar baƙo ke riƙewa da kanta, ya rage dogaro ga ma'ajiyar, kuma TLS 1.3 na 2018 ya sauya salon musafahar. Sai dai saƙon yaudarar nan yana iya bayyana a kan tsohuwar na'urar da ba a sabunta kanel ɗinta ba.