Asalin Kalma: Bakanike

Daga Turanci aka aro kalmar, wato mechanic, su ma Turawan daga Girkanci suka gado ta, inda asalinta ke nufin na'ura. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya ji gaɓar farko kamar ba- ɗin da ke Bakano da Bakatsine. Ya mayar da sana'ar tamkar gari mai mutanensa: ɗaya bakanike, da yawa kanikawa, aikin kuma kanikanci. Wasu suna cewa makanike, amma jam'in nan na kanikawa ya fi zama a kunne.

Wanda ke son ganin kanikanci na gaskiya ya je garejin da ake gyaran tsohuwar Land Rover, motar da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Ba ta da kwamfuta, don haka da kunne ake gano cutarta. Jikinta na alminiyom ne, saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba ya tsatsa. Ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da ita shi ke ruɓewa, kuma nan gwani ke fara leƙawa kafin ya wanke kafireta ko ya duba man giya. Irin wannan gwanin yara masu koyo ke kira Oga.