Matsalolin tsarin aiki na Agile da hanyoyin magance su

A watan Fabrairun 2001 ne wasu masana harhaɗa manhajar kwamfuta su 17 suka hallara a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, inda suka fitar da ƙa'idojin tsarin aikin da ake kira Agile.

Tsarin ya tanadi rarraba aiki kashi-kashi, ana miƙa wa mai shi abin da aka kammala cikin 'yan makwanni.

Sai dai sau da yawa ma'aikata kan riƙe tarurrukan tsarin, su saki manufarsa.

A salon Scrum, wanda ya fi shahara, taron kullum minti 15 ne kacal. Idan ya rikiɗe ya zama zaman bai wa shugaba rahoto, to an kauce hanya. Maganin shi ne a mayar da shi kan abin da ke hana aiki tafiya.

Wata alamar ita ce wa'adi ya cika alhali ayyuka da dama ba su kammala ba. Galibi ɗaukar kaya fiye da ƙima ke jawo haka, don haka ake taƙaita yawan ayyukan da za a riƙe lokaci guda.

Akwai kuma gyare-gyaren da ake ɗagewa saboda gaggawa, waɗanda Ward Cunningham ya kwatanta da bashi a 1992, domin kuwa jinkirin biya na ƙara musu nauyi.

Ƙara ma'aikata ba lalle ne ya taimaka ba. Tun a 1975 Fred Brooks ya yi gargaɗin cewa yin hakan ga aikin da ya makara na ƙara makarar da shi.